Takalmin Almu

"Dagash! Wallahi Dagash ne!"

Ko gama sauka daga motar Sennar Mustafa bai yi ba, mutanen tashar garinsu, Mai Wurno, suka rufe shi. Mai shayi ta bar garwashinta, direbobi suna tafi. Wani ya riƙe masa hannun jallabiya.

"Ya zol, bawan Allah, faɗa muna ita sau guda! Na dawo, ban ɓata ba!"

Mustafa ya fizge hannunsa ya wuce.

Shekara goma sha shida yana fitowa a wasan talabijin na birnin Umdurman a matsayin Dagash, dolon yaron wani attajiri. Dagash yana sa takalmin dama a ƙafar hagu, a aike shi kasuwa ya ɓulla maƙabarta, in ya shigo ɗaki ya washe baki ya ce ya dawo, bai ɓata ba. Ƙasa gaba ɗaya tana dariya. Sai da yaƙi ya tashi aka daina ɗauka.

Mutanen Mai Wurno kaɗai suka san inda ya samo Dagash. Ƙaninsa ne, Almu, wanda Allah ya halitta da ƙarancin wayo. Tafiyarsa ce, takalminsa ne, kuma maganar ita ce yake yi wa Inna kullum in ya shigo gida, don ta daina tsoron ya ɓata. Da wasan ya yi farin jini, gari ya daina kiransa Almu. Duk inda ya gifta sai ihu da tafi. Wata la'asar ya gudu daga masu tsokana ya nufi kogi. Takalminsa kaɗai aka samu a gaɓa. Mustafa bai zo gaisuwa ba, ana tsakiyar ɗaukar wasa. Tun ranar Inna ba ta ƙara karɓar wayarsa ba.

Yanzu ga ta kwance, idanu sun tafi, kwana uku ba ta ci komai ba. Abin da ya kawo shi ɗaya ne: ta ce ta yafe kafin ta cika.

Yayarsa Sakinatu ta tare shi a zaure.

"Ka yi ƙiba," ta ce.

"Yaya, tana magana?"

"Tana yi. Ba da kai ba."

Ya durƙusa gaban gadon igiyar da take kwance a kai. "Inna, ni ne Mustafa. Ki gafarta mini."

Tsohuwar ta juya fuska bango. "Sakinatu, wane ne wanga? Ki ce ya matsa daga ƙofa. Ina jiran yaro."

Da aka yi kiran la'asar, Sakinatu ta share tsakar gida, ta yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, kamar yadda kowane gida ke yi. Sannan ta ja shi ƙarƙashin rumfa.

"Zauna. Kada ka taka ko'ina."

Ya zauna yana kallon jiƙaƙƙiyar ƙasa, sumul, ko kaza ba ta bi ba. Ya sunkuya ya ɗauki kofin shayi. Da ya ɗago, ga sawu.

Daga zaure suka taso, ɗaya bayan ɗaya, sawun takalmin fata. Kan kowane yana kallon waje, dama a hagu, hagu a dama. Suka tsaya cak a bakin ɗakin Inna.

Shayin ya zube masa a cinya bai ji zafi ba.

"Shekara sha ɗaya," in ji Sakinatu. "Kullum nan suke tsayawa. Malam Yakubu ya yi karatu, ya yi hayaƙi, ya gaji. Almu ba ya shiga ɗaki sai ya faɗi maganarsa, ka sani. To ka ɗauke masa ita, ka kai wa Larabawa suna dariya. Da mi zai shiga?"

Ta shiga ta fito da ƙunshin tsumma daga ƙarƙashin gadon Inna. Takalmin ne, fatar ta bushe ta tsattsage.

"Sa. Ka shiga ka faɗa mata. Ta ji ya dawo, ta huta."

"Yaya, na yi rantsuwa ba ni ƙara yin Dagash."

"Wa ya ce ka yi Dagash? Almu za ka yi. Ko ka manta shi?"

Washegari da la'asar ya sa. Takalmin ya matse shi, yatsunsa suka karkace. Ya taso daga zaure, kafaɗa ɗaya a sama, yana jan ƙafa. Sau dubu ya yi tafiyar nan gaban kyamara, amma yau babu mai dariya. Kuma a bayansa yana jin wani takun, rabin taki bayan nasa, da warin laka irin ta kogi.

Ya kai bakin ƙofa. Ya tsaya. Ya buɗe baki.

"Inna, na dawo. Ban ɓata ba."

Muryar ta fito siririya, da ɗan tsamin bakin nan da Mustafa bai taɓa iya kwaikwaya ba. Har yau bai san ko daga bakinsa ta fito ba.

Inna ta yunƙura ta zauna, ita da sai an ɗaga ta.

"Maraba, autana. Ka daɗe. Shigo, ƙafarka duk ruwa." Ta miƙa hannu, amma ba wajen Mustafa ba. Gefensa, inda babu kowa. Yatsunta suka rufe kan iska a hankali.

Sannan ta ce, "Mustafa."

Ya zube a ƙasa. "Na'am, Inna."

"Cire takalmin ƙaninka, sun yi maka kaɗan."

Ya cire. "Inna, ki yafe mini."

"Nawa na yafe, duniya da lahira, tunda ka rako shi." Ta koma ta kwanta. "Nasa kuwa ba ni da iko. Ga shi nan kusa da kai, ka tambaye shi."

Mustafa bai iya juyawa ba.

Ta cika kafin magariba. Da safe aka kai ta.

Ran addu'ar uku, da mutane suka watse, Sakinatu ta share gida ta yayyafa ruwa. Mustafa yana zaune a ɗakin baƙi, jakarsa a ɗaure, motar Sennar na jira. Ya leƙo.

Sawun sun taso daga zaure. Ba su nufi ɗakin Inna ba. Sun karkata hagu, sun tsaya a bakin ƙofarsa.

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya kwance jakar, ya jawo tabarma ya shimfiɗa gefen tasa.

"Almu," ya ce. Rabonsa da kiran sunan shekara sha ɗaya. "Shigo. Akwai magana."