Muryar Tamanda a Oba-oba

Ni ne Yotamu Mbewe, kuma duk kwarin Luangwa babu wanda bai san sunan nan ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina bin sawu a gandun daji. Ɓauna ta taɓa ɗaga ni sama ta yar, na tashi na karkaɗe wando. Kada ya kama mini ƙauri, shi ya gaji ya saki. Ban taɓa zama a aji ba, amma in na duba ƙasa sai in gaya maka giwa nawa suka wuce da wadda take ɗingishi.

Da na ajiye aiki na taho gida da tsohuwar oba-obata, rediyon hannu da masu gadi ke magana da juna, ba wanda ya ce in mayar. 'Yata Tamanda ce ta gaje ni, tana cikin masu gadin daji da ke fita sintiri na kwana goma. Safe da la'asar nakan zauna gindin mangwaro in kunna, in ji ta tana ba ofis rahoto: ga inda suke, kowa lafiya. Sai na ji muryarta tuwon masara yake wuce mini. Wani lokaci a wurin shan giya nakan gaya wa abokai yau 'yata tana mashayar dorina, kan hanyar da ni na fara buɗewa. Uba ne ni, ai dole in faɗa.

Bara ɓarayin hauren giwa suka fara riga masu gadi. Sintiri ya yi arewa, su kashe giwa a kudu. Sau ɗaya suka yi musu kwanto, suka harbe mutum guda. Ofis ya gane ɓarayin suna sauraron maganar da ake yi ta oba-oba, aka kawo wani injiniya daga Lusaka mai suna Sakala, ya yi sati uku yana hawa ƙarfen eriya. Ranar da ya gama na kunna oba-obata, ban ji komai ba sai shuuu, kamar ruwa a kan kwano.

Na same shi a ofis na ce ya lalata mini kaya. Ya ba ni kujera, ya yi mini bayani a hankali. Wai da eriya tana watsa magana ko'ina kamar hasken wutar daji, kowa ya ɗiba. Yanzu tana tattara ta siririya kamar hasken tocila, ta nufi na'urar masu gadi kaɗai, sauran wurare kuma ta zuba musu hayaniya da gangan.

Na ce, "To ka buɗe mini 'yar hanya ta gidana. Ka san ko ni wane ne?"

Ya ce, "Na sani, Baba. Amma ita eriyar ba ta san uba ba, ba ta san ɓarawo ba. Duk wanda ba a nufe shi ba, shuuu zai ji."

Na yi masa dariya. Na ce abin da ke tafiya dole ya bar sawu, ni kuwa babu sawun da ya taɓa ɓace mini. Kwana huɗu ina yawo da oba-oba a sama da kaina. Na hau tudun bayan makaranta, na shiga gonar auduga, na tsaya a bakin kogi har mata masu wanki suna tambaya ko ruwan sama nake roƙo. Ko kalma ɗaya ban tsinta ba.

Ranar Alhamis da rana tsaka, Tamanda tana kwana na shida a daji, muka ji harbi daga ƙetaren kogi. Na san ƙarar bindigar masu gadi, na san wadda ba tasu ba, kuma duka biyun na ji. Na murɗa oba-oba ta ko'ina, na bubbuga ta a gwiwa. Shuuu. Na tafi ofis da gudun da ƙafafuna suka yarda.

Esnati mai kula da ɗakin rediyo, wadda na goya tana jaririya, ta tare ƙofa. Ta ce an hana kowa shiga. Ta bangon katako ina jin muryoyi a na'urarsu, amma ban iya rarrabe ko akwai ta mace ba. Na yi faɗa, na lissafa mata tabbunan jikina, daga baya na koma roƙo.

Na ce, "Ba sai kin gaya mini inda suke ba. Tana magana?"

Ta ce, "Kaka, ka zauna," ta rufe ƙofa.

Na zauna a kan dakali. Mota ta fita, wata ta bi ta. Ban san ina suka nufa ba, ni da na san kowace bishiya a dajin nan. Sai da inuwa ta kai katanga motar farko ta dawo. Aka sauko da mutum biyu ɗaure, sannan Tamanda, hannunta na hagu naɗe da rigarta, jini ya bushe a kai.

Bayan kwana biyu a asibiti ta dawo gida. Ta ce wannan karon ɓarayin ba su san da zuwansu ba, shi ya sa harsashi ɗaya kawai ya same ta. Na ce to madalla, yanzu sai ta yi wa injiniyan nan magana, ita zai ji tata, a bar ni in riƙa jin muryarta ko sau ɗaya a rana.

Ta kalli hannunta. Sannan ta ce, "Baba, ni na gaya wa ofis akwai mai sauraro a gidanmu. Ni na ce kada a bar ko gidanmu."

Na jawo kwanon tuwo gabana. Na tambaye ta yaushe za ta koma. Ta ce in hannu ya warke. Na ce wane gefe, arewa ko kudu?

Ta ce, "Ka ci tuwonka, zai huce."