Soket ɗin Bayan Firji

Tun da katin wutar gidan Akawu ya yi kwana arba'in bai ƙare ba, mutumin ya daina tafiya, sai rangaji. Kullum da safe zai tsaya gaban mita, tabarau a kan hanci, ya karanto lambar da ƙarfi kamar mai shelar cin jarrabawa.

"Maman yara, kin ji? Yunit ɗaya da rabi, jiya gaba ɗaya!"

"Na ji. Matsa in ɗora ruwa."

"A murhu dai, ba da hita ba!"

Guga sau ɗaya a mako. Caja a zare ta. Labule a ɗage da rana. Mai buɗe firji ya san abin da yake nema tun kafin ya kama murfin. Fanka ma jadawali gare ta. 'Yan layi suka laƙaba masa Kashe-Zare, shi kuwa har na'am yake amsawa.

Cikin masu ɗaukar darasinsa, ɗaliba ɗaya ce ta ƙi yi masa albarka: mai ɗinkin da bango ɗaya ya raba ɗakinta da kicin ɗinsu. Duk dokokin ta bi, amma katinta ba ya wuce kwana tara.

"Yaya, wallahi har ƙwan fitila na kwance," in ji ta. "In wannan watan ma haka ne, sayar da keken lantarkin zan yi, in koma na ƙafa. Ga gwiwa ba lafiya."

"Ƙanwata, akwai abin da kike kunnawa a ɓoye. Mita ba ta ƙarya."

Ranar Asabar da hantsi yana kicin shi kaɗai, yana jin ƙarar kekenta ta bango. Sai keken ya tsaya cak. Ta rafka salati, "Wuta ta sake ƙarewa!" A daidai lokacin firjinsa ya yi 'yar girgiza, ya yi tsit.

Akawu ya leƙa falo. Fanka na ta juyawa.

Ya ji tana danna lambobin sabon kati. Keke ya tashi, firji ya tashi tare da shi, kamar tagwaye. Ya ja firjin gefe. Ga soket nan, wayarsa ta huda bango ta shige ɗakin mai ɗinki, tun zamanin da ɗakunan suke gida ɗaya.

Ya zauna a kan bokiti. Wanda ya yi sata bai sani ba, ɓarawo ne? Jiya dai a'a. Daga wannan minti fa? Sai wata dabara ta zo masa, mai zaƙi har ta sa shi murmushi: ya mayar da fulogin firjin kan soket ɗin layinsa shiru. Katinta zai yi auki, ta ce shawararsa ce ta yi aiki, ta bi layi tana yabonsa. Kowa ya ci riba. Ya kai hannu ga fulogin, sai ya fasa.

Ya buga bango. "Ƙanwata! Zo ki ga abin da kike kunnawa a ɓoye."

Ta shigo da tef ɗin awo a wuya. Ta dubi wayar, ta dubi firjin, ta dube shi. Dariya ta kayar da ita ƙasa.

"Ashe ni ke sanyaya maka ruwa, kai kana yi mini wa'azi! Maman yara, fito ki ga malaminmu!"

Matarsa ta fito, ta gani, ta dafa ƙofa tana share hawayen dariya. "Wata nawa ke nan?"

"Shida," ya ce a hankali. "Tun da muka sauya wa firjin wuri. Zan saya mata kati. Na wata shida."

"Da shelf ɗin sama na firjin," in ji mai ɗinki. "Ai da gumina ya yi sanyi."

Washegari, bayan firji ya kwana a layinsa, ya tsaya gaban mita, ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Leɓensa kawai ya motsa.

"Ɗaga murya mana, Kashe-Zare," in ji matarsa. "Keken ƙanwarka ya cika gidan, ba ma ji."