Hannun da Ke Jikin Tuta

Mai Ɗinki ta kwance ƙullin sababbin tutocin da aka aiko mata daga ofishin jam'iyya don ta kalmashe musu baki. Ta shimfiɗa ɗaya a kan teburin yanka, sai ta tsaya cak da almakashi a hannu. Launin yana nan, shuɗi a sama, rawaya a ƙasa. Hoton gugan ɗiban ruwa yana nan. Tafin hannun da ke saman gugan ma yana nan, amma yatsunsa biyar cif, sumul, kamar na wanda bai taɓa ɗaukar ko bokiti ba.

Hannun tutar nan kuwa yatsu huɗu gare shi tun asali, domin hannun mahaifinta ne. Baba mahaƙin rijiya ne. Igiya ce ta cinye masa ƙaramin yatsan dama ranar da ya jawo abokin aikinsa daga rijiyar da ta rufta. Da mutanen yankin suka gaji da roƙon ruwa a wajen manyan birni, suka kafa jam'iyyarsu ta kansu, sai mai zane ya kama hannun Baba ya ɗora a kan ƙyalle, ya bi gefensa da gawayi. Ba su ba shi muƙami ba, bai kuma nema ba. Tutar ita ce duk abin da ya samu, kuma ta ishe shi.

Ko keken ɗinkin ba ta rufe ba. Ta naɗe ƙullin ta ɗora a ka, ta nufi ofis.

Ta tarar da Sakatare a ƙarƙashin fanka yana danna waya. Yaro ne da aka haifa a gabanta, a layinsu, yanzu ya yi tumbi har maɓallin rigarsa na neman agaji.

"Sakatare, wa ya buga tutocin nan? An yi kuskure."

"Ba kuskure ba ne, Yaya. Kwamiti ne ya zauna." Bai ko ɗago ba. "Kin san bana muna so mu shiga wasu yankunan. Can ba su san tarihi ba. 'Yan hamayya sai dariya suke mana, wai jam'iyyar guntun hannu."

"To ku gaya musu tarihin mana. Bakinku ciwo yake yi?"

"Wa ke da lokacin dogon bayani? Tuta abin kallo ce, dole ta yi kyau."

Da a ce kuskure ne, da ta yi tsaki ta yafe. Amma a ce manyan mutane sun zauna a kan kujeru, sun sha lemo, sun dubi hannun tsohon nan sun yanke cewa abin kunya ne, wannan ya tsaya mata a rai. Ta dube shi ido cikin ido.

"Ruwan da uwarka ta yi maka wankan jarirai da shi, daga rijiyar wa aka ɗebo?"

Sai a nan ya ajiye wayar. "Haba Yaya, Baba ai namu ne. Ranar gangami kujerarsa tana kan dandamali, kusa da Shugaba."

Ta dire masa ƙullin a kan tebur, ta ce su nemi wani tela. Suka kuwa nema. Kafin ta kai gida wani ya karɓi aikin da murna.

Abu ɗaya ya rage mata, kada Baba ya gani. Ta ce masa an ɗage gangamin. Ta ce rana za ta yi zafi, ga ƙafarsa. Kunnensa ya yi nauyi, amma ba nauyin da zai hana shi jin motar lasifika da ke zagaye unguwa tana shela ba. Ranar taron, ta fito daga ɗaki ta same shi zaune a bakin gado, ya sa rigar da ya goge da kansa.

"Ke dai ba kya son fita, shi ya sa," ya ce yana dariya. "Ɗauko mini sandata."

A filin taron tutoci ko'ina, a kan turaku, a jikin motoci, a hannun jama'a. Ta riƙe Baba ta gefe tana ta jan sa da hira don idonsa ya tsaya a ƙasa. Shi kuwa sai ɗaga wa mutane hannu yake, bakinsa har kunne. Masu tsaro suka hau da shi dandamali, ita suka tare ta a ƙasa.

Shugaba ya yi jawabi mai tsawo a kan ruwa da gumi da iyayen jam'iyya. Da ya zo kan Baba, ya taka zuwa kujerarsa don ya ɗaga hannunsa ga jama'a. Baba ya miƙa na dama. Mai Ɗinki tana kallo Shugaba ya dubi masu hoto, ya yi murmushi, ya zagaya ta bayan kujera ya kama na hagu, mai lafiyar, ya ɗaga sama. Fili ya ɗauki tafi.

Hannun daman ya ɗan tsaya a iska, ba wanda ya karɓa. Baba ya waiga don ya ga abin da ya sa, sai idonsa ya faɗa kan ƙatuwar tutar da aka rataye a bayan dandamali. Ta ga leɓensa yana motsi, yana ƙirgawa. Ya kai ƙarshe, ya sake farawa.

Ta kutsa ta tsakanin masu tsaro tana kiran "Baba", amma ganga da tafi sun danne muryarta. Bai ƙwace hannun da Shugaba ke riƙe da shi ba. A hankali ya sauke na daman, ya lalubi aljihun rigarsa, ya cusa shi ciki.