Ƙwaryar Saude Mai Sabis

A rugar da ke yamma da Bunkure, kowa ya san Saude da zanen ƙwarya. A wurin mahaifiyarta ta koya: ta sa wuƙa a garwashi ta yi ja, sannan ta bi jikin ƙwaryar da ita a hankali. Amma zuwa shekarar 2007 kwanukan silba da na roba sun cika kasuwa, ƙwarya ta koma ta tallan nono kawai.

Da ranin shekarar nan mijinta Gidaɗo ya sayo waya. A rugar babu sabis, sai an hau kan gadar kanal ɗin ruwan noman rani. Duk lokacin da zai shayar da shanu sai ya ba ta ta riƙe, kada wayar ta faɗa ruwa. Nan ta fara lura da 'yan sandunan da ke gefen fuskar wayar. Sukan hau ɗaya bayan ɗaya kamar matakala, su sauka, su sake hawa.

"Waɗannan kuma mene ne?" ta tambaye shi.

"Sabis ke nan. In sun cika biyar, har wanda ke Legas zai ji ki."

Da ta koma gida ta ɗauko sabuwar ƙwarya. Ta zagaye bakinta da sandunan nan biyar-biyar, gajere zuwa dogo, tsakaninsu ta sa doguwar eriya irin wadda ake hangowa daga hanyar Kura. A ƙasa ta bar tsohon zanen gidansu yadda yake. Kwana uku ta yi a kai. Surukarta, Goggo Tambaya, ta juya ƙwaryar ta taɓe baki, ta ce ita dai ba ta san dangin da ke da wannan zane ba.

Ranar kasuwa Saude ta zuba nono a ciki ta tafi. Wani dillalin tumatir mai suna Lukmanu ya tsuguna zai sha fura, sai ya tsaya da ludayi a hannu.

"Adda, ai ƙwaryar nan taki sabis ya cika!"

Mutane suka taru suna dariya. Saude ta sunkuyar da kai, ta zaci ba'a ake yi mata. Lukmanu kuwa ya zaro wayarsa mai kyamara ya ɗauki hoton ƙwaryar, ya kuma nemi lambar da za a same ta.

Hoton ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, tun daga masu lodin albasa har cikin gidajen Kura. Kafin wata guda Gidaɗo ya gaji. Da ya hau gada sai wayar ta yi ƙara, ya ɗauka da zaton mai sayen bijimi ne, sai ya ji muryar mace tana neman mai ƙwarya.

"Karɓi," yakan ce, yana murmushi. "Ni na zama ɗan aike."

Babban aikin ya zo daga wata amarya a Kura, Raliya, wadda ta dage sai an yi mata jere da ƙore goma sha biyu masu sabis. Saude ta gama su cikin mako biyar, yatsunta duk ƙuna. Ita da kanta ta kai su ranar jere. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallo aka ɗora su can sama, kwanukan silba a ƙarƙashinsu.

"Ina mai aikin?" in ji uwar amarya. "Ku shigo da ita mana!"

Aka janyo hannunta har tsakar ɗaki, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. 'Yan mata suka ɗaga wayoyi suna cewa ta tsaya kusa da ƙoren. Saude ta gyara mayafinta, ta ɗaga kai ta kalli 'yan matan sosai. Kafin la'asar mata huɗu sun riƙe ta, kowace na rantsuwa bikin 'yarta ya fi kusa.