Arba'in ɗin Christine

Kwana biyu bayan suna, Françoise ta iso Garuwa. Daga Bafusam ta taso, ta bi ta Yawunde ta hau jirgin ƙasa har Ngawundare, ta ƙarasa a bas, da buhuna biyu da wani kwando da ta hana kowa taɓawa. 'Yarta Christine ce ta yi haihuwar fari, mace, aka sa mata Zahra.

Hajja Halime, uwar mijin Christine, ita ta tarbe ta a zaure. Sau ɗaya suka taɓa haɗuwa, ranar ɗaurin aure, shi ma gaisuwar ba ta wuce murmushi ba. Hajja Hausa da Fillanci take ji, Faransancinta na sayen tumatir ne. Françoise kuwa ko "sannu" ba ta iya ba.

Lokacin da Hanzala, autan Hajja, ya zo da zancen zai auri malamar makaranta 'yar kudu, sai da Hajja ta yi kwana uku ba ta ci tuwon kirki ba. Amma yarinyar ta shiga ranta tun ranar da ta durƙusa gefen murhu tana koyon tuƙi, tuwo ya fallatsa ya ƙone mata hannu, ta ƙi sakin muciya. Shi ya sa da haihuwa ta zo, ga uwa a nesa, Hajja ta ce ba inda za a kai ta wanka. Ta share ɗakinta, ta sayi itace amalanke guda, ta ce ita za ta yi mata komai.

Washegarin isowarta Françoise ta ci ado, ta ce wa 'yarta ta ɗauko jaririya su je bakin kogin Binuwai su sha iska, don zafin ɗakin ya isa. Hajja na ganin Christine ta ɗauki mayafi, sai ta tashi ta tare ƙofa da hannu biyu.

"Ina za ki, 'yar nan? Ko zaure ba za ki leƙa ba sai kin yi arba'in."

Françoise ta juya wurin Hanzala, wanda ya shigo gaisuwa kafin ya wuce aiki, ta tambaye shi me tsohuwar ta ce. Shi kuma yana sauri, ya lalubi kalma mafi kusa a Faransanci, ya ce ai Christine tana cikin "quarantaine" ne, ya fice.

Françoise ta dafe ƙirji. Rabon da ta ji wannan kalma tun zamanin korona, lokacin da aka killace wani maƙwabcinta, bai dawo gida ba. Ta kama fuskar 'yarta tana duba idanunta, tana taɓa goshinta, tana ta zuba magana da ƙarfi. Christine na ƙoƙarin yi mata bayani, ina, ba ta saurare. Françoise ta fara cusa kayan jaririya a jaka. Hajja ba ta gane ko kalma ɗaya ba, abin da ta gani kawai shi ne za a fita da mai jego da ɗanyen jiki, sai ita ma ta kama hannun jakar. Wannan na ja, wannan na ja, jaririya ta tsala kuka.

Hayaniyar ce ta fito da Malam Salmanu, maigidan, daga cikin littattafansa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ya ce kowa ya zauna, Christine ta yi tafinta. Da ya ji inda aka samu matsala, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido.

"Gaya wa mahaifiyarki ba ciwo ba ne, ƙirga ce. Goma sau huɗu. Kwana arba'in mai jego take hutawa a ɗaka, a dafa mata, a yi mata wanka, ba ta ɗaga ko tsintsiya."

Christine ta fassara. Françoise ta saki jakar a hankali.

Malam dai in ya samu mai saurare ba ya tsayawa. Ya ce kalmar ma baƙuwa ce, daga Larabci ta zo tare da malamai da fatake. Tushenta huɗu ne, shi ya sa ake ce wa rana ta huɗu a mako Laraba. Ya ce kakarsa har ta rasu ba ta yarda da ita ba, "gomiya huɗu" take cewa, wani lokacin "hauya biyu", don a bakin mutanen da hauya ashirin ce. Fulanin unguwa kuma har gobe "cappanɗe nay" suke cewa.

"Amma je ki ce mace ta yi gomiya huɗu, ba wanda zai gane wanka ta gama. Sai arba'in. Haka in mutum ya rasu, ranar da ya cika kwanakin nan a ƙasa, ita ma arba'in muke ce mata. Da ita muke tarbar mai zuwa, da ita muke raka mai tafiya."

Françoise ta ce wa 'yarta ta gaya masa su ma a coci azuminsu na kwana arba'in ne, kuma Maryamu sai da ta cika kwanakin nan kafin ta fita da jaririnta. Malam ya gyaɗa kai, ya ce to ashe ba baƙon abu aka kawo mata ba. Ta gwada faɗin kalmar, ta fito "arabayin". Hajja ta gyara mata sau uku, ta haƙura.

Daga nan gidan ya zauna lafiya, ko kuma haka Hajja ta zata. Da asuba ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta yi wa Christine wanka da ganye, ta dama mata kunun kanwa. Da la'asar ta sake. Françoise kuma ta buɗe kwandonta, ashe ɓawon itace ne da kayan yaji kala-kala na wata miya mai yauƙi da suke kira nkwi, wadda a garinsu ita ce abincin mai jego. Hajja ta ɗanɗana, ta ce yauƙinta ya fi na kuɓewa rashin kunya, amma ta ƙara loma.

Ana kwana ashirin da haihuwa, Christine ta fito daga banɗaki, jiri ya ɗebe ta, ta zube a tsakar gida. Tsofaffin biyu suka sa ta a tsakiya a bayan tasi, kowacce na riƙe da hannu ɗaya tana addu'a da harshenta.

A asibiti suka samu wata nas mai suna Kaltouma. Ta gwada jininta, ta dubi fatar bayanta da ta yi ja, ta tambaye ta sau nawa take wankan ruwan zafi a rana.

Christine ta sunkuyar da kai. "Sau huɗu."

"Biyu dai," in ji Hajja.

"Huɗu, Inna. In kin tafi islamiyya da hantsi Mama tana gasa mini jiki da tawul. In kin shiga sallar magariba ta sake. Ta ce ganyenku ba ya kaiwa ciki." Hawaye suka zubo mata. "Kunu ma ina shanyewa, nkwi ma ina cinyewa. Ban san wadda zan ce wa a'a ba."

Kaltouma ta ajiye abin awon. Ta juya ta wanke Hajja tas da Fillanci, ta juya ta wanke Françoise da Faransanci. A wannan zafin na watan Afrilu, ta ce, ko doya aka yi wa haka ta nuna. Wanka sau biyu, ruwa mai ɗumi, kanwa kuma a ajiye ta.

Hajja ta ji kunya irin wadda ta daɗe ba ta ji ba. Haihuwa takwas ta yi, ba wanda ya taɓa ce mata ba ta iya jego ba. A hanyar komawa ta kau da kai tana kallon titi. Sai ta ji ana taɓa gwiwarta. Françoise ce, ta nuna kanta, ta nuna Hajja, ta ɗaga yatsu huɗu, ta kama baki. Dariya ta ƙwace wa Hajja, har direba ya waiwayo.

Suka raba aiki ba tare da tafinta ba: safe na Hajja, yamma na Françoise. Da can mako biyu Françoise ta yi niyyar yi, ga gonar wake tana jiranta, amma ta buga wa ƙanwarta waya ta ce a nemi masu cirewa. Da rana sukan zauna gindin darbejiya suna ɓarar gyaɗa, kowacce na ba da labari da harshenta, ɗayar na cewa "to" a inda ya dace da inda bai dace ba.

Ranar da kwanakin suka cika aka yi wa Christine kitso da lalle, ta sa sabuwar atamfa, aka goya Zahra, aka fita gaishe da dangi gida-gida. Françoise ce a gaba da mayafin da Hajja ta ara mata, duk gidan da aka shiga ita ke fara sallama.

Bayan kwana biyu Hajja ta raka ta tasha da kilishi da garin kuka da man shanu a kwalba. Françoise ta riƙe hannunta ta yi doguwar magana, Hanzala ya ce cewa take lallai Inna ta zo Bafusam, akwai sanyi, akwai ayaba har ta ƙi ci.

Ta wajen kudu, Hajja ba ta taɓa wuce Ngawundare ba. Da ta koma gida ta tarar da Malam yana alwala, ta tsaya a kansa.

"Malam, jirgin ƙasan nan, ana samun wurin salla a ciki?"

Ya ɗago ya dube ta, ya ce zai tambaya.