Katin 'Yar Baba

Uwar Kati tana ɗaure tsofaffin katuna da roba tana jefa su cikin buhun da za a kai injin yanka takarda, sai wayarta ta yi ƙara. Maigidanta ne, wanda ba ya kiranta a wurin aiki sai ta ɓaci.

"Ke, wani saƙo ne ya shigo mini daga asibitinku, da sunan 'Yar Baba," in ji shi. "Wai ta daɗe ba ta ga likita ba, a kawo ta ranar Litinin."

Ta lalubi kujera ta zauna. 'Yar Baba autarsu ce, mai ciwon sikila, kuma yau shekara goma sha ɗaya da rasuwarta.

"Malam, ka sha maganin hawan jininka. Zan duba."

"Har na miƙe zan ƙwala mata kira, sannan na tuna," ya ce, ya kashe wayar.

Shekara ashirin da shida tana riƙe da ɗakin kati na asibitin, shi ya sa laƙabin ya cinye sunanta. Dokar ɗakin ita ce, katin mamaci da wanda ya yi shekara biyar ba a taɓa shi ba, a fitar da su a lalata. A kan wannan doka ba sani ba sabo, har katin surukarta ta fitar da hannunta. Kati ɗaya ne ya gagare ta, na 'Yar Baba. Ba ta taɓa rubuta masa "ta rasu" ba. Duk shekara, a watan da ta haifi yarinyar, sai ta zaro shi ta buga masa hatimin kwanan wata ta mayar, ba wanda ya sani, har Malam.

Sai ga asibitin ya kawo na'ura mai ƙirƙirarriyar basira. Wata uku ana ɗaukar hoton katuna ana ɗura mata, ita kuma tana haɗe na mutum ɗaya da aka buɗe sau biyu, tana zaƙulo waɗanda suka daina zuwa ganin likita. Ba ta gajiya, ba ta mantuwa, ba ta kuma san kara ba.

Uwar Kati ta ɗauki katin ta hau bene zuwa ofishin injiniyar da ke kula da bayanan, wata siririyar mata mai tabarau wadda a haife ta haife ta.

"Mama, sannu da zuwa. Yau ke ce a gidan kishiyarki?" in ji injiniyar tana dariya, don haka ma'aikata ke tsokanarta da na'urar.

Ta miƙa mata katin. Injiniyar ta buga lambar, ta karanta abin da ya fito.

"Ai wannan tana cikin waɗanda na'urar ta fi damuwa da su. Mai sikila, ana ta buɗe katinta amma ba likitan da ya gan ta. Kin san ta ne?"

"'Yata ce. Ta rasu."

Dariyar ta ɗauke. Injiniyar ta dubi jerin hatiman nan goma sha ɗaya, duk a wata guda, ta cire tabarau.

"Allah ya jiƙanta, Mama. Wallahi ban sani ba."

"In an bar shi yadda yake fa?"

"Duk wata mahaifinta zai samu saƙo. In na cire lambar wayarsa, za ta tura ma'aikatan jinya har gida. Aikinta ke nan, kada mara lafiya ya ɓace mana. Katin kuwa ki sa a jaka, ban gani ba."

Uwar Kati ba ta ji wannan ba, idonta na kan allon. A ƙarƙashin sunan 'yarta an rubuta: shekara ashirin. Ba wanda ya taɓa ƙirga mata shekarun nan sai ita kaɗai a zuci, yau ga wani ya taya ta. Da tana raye, da yanzu tana jami'a, ko tana ɗakin miji, ko tana nan tana musu da ubanta a kan labarai. Sai ta hango Malam a zuci, tsaye a tsakar gida, baki buɗe da sunan da ba mai amsawa.

"Matsa mini, 'yata. Ni zan rubuta."

Da yatsa ɗaya ta buga ranar rasuwar, ba ta buƙaci duba takarda ba. Ta danna. Na'urar ta nuna koriyar alama, ta ce an gyara bayani, ta kuma gode mata. Ashirin ɗin ta ɓace, tara ta fito a wurinta, shekarun da ta bar duniya.

Ta sauko ta tsaya a gindin bene ta kira maigidanta.

"Malam, kuskure ne, na gyara. Ba za su sake kiranta ba."