Sunan Talle a Kundin Ƙidaya

"Sunan mahaifi?"

"Talle," in ji Zuhura.

Malam Kamil ya ɗago kai ya dube ta ta saman tabarau. Dattijo ne mai furfura a gemu, kuma tun safe take kallon yadda yake lallaɓa jama'a a wannan ɗaki na ofishin jakadanci, bai ɗaga wa kowa murya ba.

"Talle ai laƙabi ne, 'yata. Duk yaron da ya tashi maraya ana iya kiransa haka. Sunan yanka nake nufi, da sunan nasa uban, da garinsu."

Zuhura ta dubi gefenta. 'Yarta Muhibba tana jingine da ita, idanun nan sun yi rawaya, tana murza gwiwarta a hankali don kada a lura. Ciwon sikila ya koya wa yarinyar ɓoye zafi tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali.

"Ɗan ƙasar Damagaram ne," Zuhura ta ce. "Iyakar abin da na sani ke nan."

"Damagaram da faɗi take." Ya cire tabarau ya goge. "Ban ce ƙarya kike yi ba. Amma takardar tafiya ba a ba da ita da kallon fuska. Ki samo sunan ƙauyen. A can ƙasa kowane gari yana da kundin ƙidaya da hukuma take rubuta magidanta da iyalansu saboda haraji. Idan sunan mahaifinki yana ciki, mun sami inda za mu kama."

Ta yi godiya, ta ja hannun yarinyar suka fito cikin ranar Riyadh mai gasa ƙeya.

* * *

A unguwar Utaiqa ta Riyadh aka haifi Zuhura, a wani ɗaki da ke bayan kasuwar kayan gwari, kuma babu wata takarda a duniya da ta shaida haka. Mahaifinta ya baro gida yana saurayi, ya biyo hanyar Sudan da niyyar aikin hajji, ya sauke farali ya ƙi komawa. Dako ya yi a kasuwar nan har bayansa ya ranƙwafa. Mahaifiyarta, Delu, goyo aka kawo ta ƙasar, waɗanda suka goyo ta kuwa sun daɗe a ƙasa, ba su bar mata ko sunan gari ba. Da aka haifi Zuhura wata tsohuwa ce ta yanke cibi, aka raɗa suna, aka ci dabino, shi ke nan. Talle yakan ce gobe zai nemi hanyar yi mata takarda. Yana faɗin gobe har ranar da aka ɗauke shi a makara.

Zuhura ba ta taɓa zama a aji ba. Ta tashi tana wanke-wanke a gidajen unguwar Al-Shifa, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, ta kuma san duk lungun da ake bi a kauce wa motar 'yan sanda. Da ta auri Salisu, mutumin Maraɗi mai aiki a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu, ta ɗauka ta sami bango. Sai iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare bayan sun ɓata da mai ɗaukar nauyinsa. Bara aka tare motar da ke kai su aiki, aka mayar da shi gida, aka kuma hana shi dawowa.

Yanzu Salisu yana Maraɗi yana jiransu. Ya ce akwai asibitin masu sikila a can, inda yarinya za ta shiga da sunanta a duba ta. Abin da ya rage kawai Zuhura ta nuna ita 'yar wata ƙasa ce.

Mutum ɗaya ne ya san garin Talle, ita ce Delu, kuma tsufa ya fara kwashe mata tunani. Wata rana takan tashi garau, wata rana ta zuba gishiri a shayi. Zuhura ta yi ta tambayarta, tsohuwar sai ta zura mata ido ko ta kama zancen farashin tumatir na shekarun baya.

Wata safiya tana shafa mata mai a ƙafa, sai ta sauya dabara.

"Inna, in za mu je garin Baba, wace mota za mu shiga?"

Delu ta yi murmushi kamar an taɓo mata abin da ta daɗe tana jira. "Sai mun sauka Damagaram, sannan mu yi gabas. Ya ce akwai tsamiya a bakin gari, babba, ana ɗaure jakuna a gindinta. Tsamiyar Gogo. In kin isa ki tambayi gidan Jibrin marini."

Hannun Zuhura ya tsaya cak. "Shi Baba, mene ne sunansa na gaskiya?"

Tsohuwar ta janye ƙafarta, ta ja mayafi ta rufe baki. "Ke ba ki da kunya? Ni zan kama sunansa?"

Ta mance ranar mako, ta mance ko ta ci abinci, amma ba ta mance cewa mace ba ta faɗin sunan mijinta ba. Zuhura ta durƙusa a gabanta, ta kama gefen zanenta.

"Inna, don Allah. Muhibba ba ta da lafiya. Ko ba ki faɗa ba, ki kwatanta mini."

Delu ta juya ta fuskanci bango. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Sunan watan da aka haife shi ne. Watan da ake taron yabon Manzo."

Maulud ɗan Jibrin, na Tsamiyar Gogo. Zuhura ta yi ta nanata shi a ranta har ta kai ga waya.

* * *

Salisu bai yi jinkiri ba. Ya bar ɗan aikin da ya samu, ya kama hanya. Daga ƙauyen aka tura shi ofishin magajin gari, inda tsofaffin kundaye suke jibge a wani ɗaki, gara ta ci gefensu. Ya yi kwanaki yana zarya kafin magatakarda ya sami sarari ya zauna da shi suna buɗe shafi bayan shafi.

Zuhura tana goge tagar wani gida a Al-Shifa wayar ta shigo.

"Maman Muhibba, an gan shi. Gidan Jibrin marini, ga matansa, ga 'ya'yansa. Ga sunan Maulud nan a tsakiya."

Ta zame ta zauna a ƙasa, tsumman yana hannunta. Ashe dai an taɓa rubuta mahaifinta a wani wuri. Ashe yana da gida, da uba, da 'yan'uwa a sama da ƙasa da shi.

"Sai dai akwai magana," Salisu ya ce, muryarsa ta yi sanyi. "Zan turo hoton. Ki kai wa mutumin nan ya duba."

Washegari Malam Kamil ya buɗa hoton da yatsu biyu. Rubutun Faransanci ne da tawada mai shuɗi, an kuma ja layi a kan suna ɗaya. Ya karanta abin da aka rubuta a gefe, sannan ya tambaye ta shekarunta.

"An soke shi," ya ce. "An rubuta cewa ya rasu a hanyar Makka, bai bar baya ba. Kuma shekarar da aka sa ta riga haihuwarki da nisa."

"Amma ni na gan shi da idona. A hannuna ya sha ruwansa na ƙarshe."

"Na yarda. Takardar ce ba ta yarda ba. In na saka wannan a fayil ɗinki, na shaida da hannuna cewa ke ba 'yarsa ba ce." Ya sake duba hoton. "Wanda ya kai rahoton rasuwar, ga sunansa nan: Almustafa, wansa. Idan yana raye, ya je gaban alƙali ya ce kuskure aka yi, za a iya gyarawa."

* * *

Almustafa yana raye. Salisu ya same shi a gindin tsamiyar, ya gaishe shi, ya miƙa masa waya.

Zuhura ta shige banɗaki ta rufe ƙofa don kada Muhibba ta ji. Ta tattaro duk Hausar da take da ita.

"Baffa, ina wuninku? Ni ce Zuhura, 'yar ƙanenku Maulud."

Tari ta fara ji, sannan wata murya mai kama da ta mahaifinta.

"Maulud ya rasu tun da daɗewa."

"Baffa, kun san bai rasu a lokacin ba. Duk shekara in alhazai za su koma yakan ɗaure kaya ya ce na gida ne. Ni nake riƙe masa igiya. Akwai darduma koriya, akwai rediyo."

Tana jin kukan awaki daga can nesa.

"Rediyo," in ji tsohon. "Ubanmu ya mutu yana kiran sunansa, shi yana aiko rediyo. Ya tafi ya bar mu da harajinsa a wuya, shekara da shekaru muna biya wa mutumin da ba ya noma mana ko kunya ɗaya. Da yunwa ta zo, mai gari ya ce duk wanda ba ya nan a faɗa a soke shi. Me kike so mu yi?"

"Ban zo da ƙara ba, Baffa. Shaida kawai nake roƙo."

"An raba gona tun ina da ƙarfi. Jikoki sun yi gini a kai. In na ce yana da 'ya, sai a sake rabo."

"Wallahi ba na son ko taƙi ɗaya. Zan rantse a gaban kowa."

"Ke ba ki so. 'Ya'yanki fa? Kuma ni da furfurata in tsaya gaban alƙali in ce na yi wa hukuma ƙarya?" Ya sake yin tari. "Hausar bakinki ma ba irin tamu ba ce. Allah ya ba yarinyar lafiya."

Sai ta ji muryar Salisu yana cewa, "Baba, ku dakata mana," da sautin takun sanda yana nisa.

Salisu ya nemi wasu dattawan. Kowa ya san labarin, wasu ma sun ce sun saurari labarai a rediyon nan, amma ba wanda ya yarda ya shiga maganar gidan marina.

* * *

Ana cikin haka ciwon ya tashi wa Muhibba da tsakar rana. Ta dunƙule a kan katifa tana cizon matashi, leɓɓanta suka yi fari. Ruwan ɗumi bai yi ba, maganin kantin magani bai yi ba. Maƙwabciyarsu Hajjo, wadda take da iƙama, ta saɓa ta a kafaɗa ta shiga da ita sashen gaggawa. Zuhura ta tsaya a tsallaken titi, a inuwar wani shago, tana kallon ƙofar gilashi tana buɗewa tana rufewa. 'Yarta tana ciki ana ƙara mata jini, ita kuwa ba ta isa ta taka ba, don tambayar farko a bakin ƙofa ita ce katin shaida. In aka riƙe ta, wa zai koma wurin Delu? Kuma ina za a kai ta, tunda babu ƙasar da za ta ce tata ce?

Da yarinyar ta farfaɗo, Zuhura ta koma wurin Malam Kamil. Wannan karon bai kalli kwamfuta ba.

"Akwai hanya ɗaya, amma ba za ki so ta ba. Ita yarinya ubanta yana da takardunsa. In ya aiko da shaida, za a iya yi mata takardar tafiya da sunansa."

"Ni fa?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Ta yi kwanaki ba ta gaya wa kowa ba. Takan zauna ta kalli yarinyar tana barcin rana, ta auna siririn wuyan hannunta da yatsu. Hajjo za ta koma Maraɗi a ƙarshen wata, ta kuma ce za ta iya tafiya da yarinyar. Ranar da Muhibba ta sake fara murza gwiwa, Zuhura ta ɗauki waya ta ce wa Salisu ya aiko da takardun.

Ranar tafiya ta zaunar da Muhibba tsakanin ƙafafunta ta yi mata kitso ƙanana-ƙanana, irin wanda zai daɗe bai tsufa ba. Ta haɗa mata magunguna a jaka, ta gaya wa Hajjo cewa yarinyar ba ta son ruwan sanyi, kuma in ta yi shiru da yawa to ciwo take ji.

"Umma, yaushe za ki zo?" Muhibba ta tambaya da Larabci.

"Ki riƙa yin Hausa yanzu," in ji Zuhura. "Can ba mai jin wannan."

"To yaushe?"

"In an gama gyara takarda."

Filin jirgi ba wurin zuwanta ba ne. A bakin lungu ta tsaya, kusa da masu sauke buhunan albasa, har motar ta sha kwana. Yarinyar ta manna tafin hannunta a gilashin baya, ba ta ɗaga shi ba.

Da ta koma ɗaki ta tarar da Delu a zaune tana waige-waige.

"Ina yarinyar nan?"

"Ta tafi gida, Inna."

Fuskar tsohuwar ta washe. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga laluben takalmanta a ƙarƙashin gado, ta sa ɗaya daidai, ɗaya a juye. Ta ɗaure ɗan ƙullin kayanta a gefen mayafi.

"To mu ma mu tashi, kada mota ta bar mu."

Zuhura ta kama kafaɗunta ta zaunar da ita a bakin gado. "Sai rana ta yi sanyi, Inna."

Delu ta gyaɗa kai, ta ɗora ƙullin a cinya, ta fuskanci ƙofa. Zuhura ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ba ta cire mata takalman ba.